Alamar Kore a Wayar Baba

Ranar Litinin, da ƙarfe huɗu na yamma, Auta ta shiga shagon Baba tana jan ƙafa. Jakar makaranta ta yi mata nauyi. Idanunta kuma sai lumshewa suke yi.

Baba mai gyaran kujeru ne. Yakan cire tsohon yadi da mataccen soso, ya sa sabo, kujera ta koma kamar yau aka saye ta. Amma kwana biyu aiki ya ɗauke. An lulluɓe keken ɗinki da tsumma. Guduma da almakashi na rataye a bango, ba mai taɓa su.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Auta.

"Wane aiki?" Baba ya yi 'yar dariyar gajiya. "Tun safe ƙudaje nake kora. Sannu da dawowa. Ga wayar."

Wayar ita ce aikin Auta. Yatsun Baba sun yi kanta saboda gam da ƙusa. In ya taɓa gilashin wayar, ba ta jin sa. Shi ya sa kafin Yaya ta tafi makarantar kwana, ta koya wa Auta yadda ake neman masu kawo aiki.

Auta takan shiga zaurukan hira na unguwanni a wayar, ta duba ko wani na cigiyar mai gyaran kujera. In ta samu, sai ta tura masa gaisuwa da hotunan aikin Baba. Duk wanda ya amsa, sai ta sa wa hirarsa alama. Ja na nufin yana jiran amsarsu. Rawaya na nufin su ne ke jiran tasa. Kore kuwa, an gama magana ke nan.

Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, amma yana ganin launi. In ya hango ja, sai ya ce a karanta masa.

A ranar jajayen sun yi yawa. Auta ta buɗe na farko. Wani mutum ne ya tambayi kuɗin aiki, sannan ya ce ya yi tsada. Ta buɗe na biyu. Wata mata ce ta ce sai ta yi shawara da maigidanta.

"Kullum haka," Auta ta faɗa a ranta. "Su yi ta tambaya, ba sa kawo komai."

Ga aikin lissafi na jiran ta a jaka. Ga yunwa. Ta saci kallon Baba, ta ga yana gyangyaɗi. Sai ta bi sauran hirarrakin ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da su kore. Ko buɗe su ba ta yi ba.

"Yaya dai?" Baba ya tambaya da ya farka.

"Duk kore ne, Baba."

Baba ya matso da wayar kusa da fuskarsa. Ya gyaɗa kai. "To, Allah ya kai mu gobe."

Washegari ma haka ta yi. Wannan karon ko gabanta bai faɗi ba.

Da yamma suna cin abinci a gida, Baba ya ajiye cokali. Ya dubi Umma.

"In wata ya ƙare a haka, zan mayar wa mai gini makullin shagonsa. Na ji ana neman mai gadi a wata ma'aikata."

"Gadi?" in ji Umma. "Da wannan ciwon bayan naka?"

"To ya zan yi? Ba mai neman mu. Tambayi Auta."

Auta ta sunkuyar da kai.

Ranar Alhamis tana shiga shago, wayar ta yi ƙara a hannun Baba.

"Saƙon murya ne," in ji shi. "Danna mana mu ji."

Auta ta danna. Muryar wata mata ta cika shagon.

"Sallama. Ni ce mai gidan abincin nan da kuka turo wa hotuna. Tun ranar Litinin na ce ku zo ku duba kujeruna. Na sake magana, shiru. To, na ba wani aikin. Na ce bari in faɗa muku, don kada ku ji daga baya."

Baba ya dubi wayar. Alamar da ke kan hirar matar kore ce shar.

"Auta, wannan ai kore ce."

"E, Baba."

"Mun gama magana da ita ne?"

Hawaye suka zubo wa Auta. "A'a. Ban ma karanta ba. Gajiya na yi, sai na mayar da su kore duka."

Baba bai yi tsawa ba. Ya jawo benci ya zauna a hankali, hannunsa a kan ƙugu. Auta ta gwammace ya yi mata faɗa.

"Ni launi kawai nake gani," in ji shi daga baya. "Ke ce idona a wayar nan. In kin nuna min kore, tafiya gida nake yi da zuciya ɗaya."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Share hawayenki. Zo mu duba sauran."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Auta ta mayar da duk na kwanakin nan ja. Tana karantawa, Baba na faɗin amsa. Wasu ba su ƙara magana ba. Wani ya ce ya riga ya sayi sabuwa. Da suka gama, wuyan Auta ya ƙage.

"Baba, matar nan mai gidan abinci fa? Ina so in ba ta haƙuri da bakina."

Baba ya dube ta. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

Gidan abincin na bakin titi. Tebura na tsaye ba kujeru, an riga an kwashe su. Matar na goge wani tebur da tsumma. Auta ta rusuna ta gaishe ta.

"Ranki ya daɗe, ni ce ban amsa saƙonki ba. Ba laifin Baba ba ne. Gajiya na yi, na sa alamar an gama."

Matar ta sauke tabarau ta kalle ta sama da ƙasa.

"Au, ke ce ofishin? Na zaci wata babbar sakatariya ce mai takalmi ƙwas-ƙwas." Ta yi dariya. "To, 'yata, kujeru dai sun tafi. Ba na janye magana."

"Gaskiya ne," in ji Baba. "Mun gode da kika sanar da mu."

Har sun juya, matar ta ce, "Malam, tsaya." Ta nuna dogayen kujerun da ke jikin bango. Yadinsu ya yage, soso na leƙowa. "Wancan mai gyaran ya ce ba zai taɓa waɗannan ba sai wata mai zuwa. Ɗauki ɗaya ka yi min, in ga hannunka."

Sannan ta nuna Auta da yatsa. "Ke kuma, in na yi magana a amsa min. Ko da a'a ce, a faɗa min."

"In Allah ya yarda," in ji Auta.

A hanyar gida Baba ya riƙe hannunta.

"Gajiya ba laifi ba ce, Auta. In kin gaji, ki ce kin gaji. Amma kada ki sa alamar an gama a kan aikin da ba a yi ba. Akwai mai jira a bayan kowane saƙo."

"Na gane, Baba."

"Ni ma da laifina. Daga makaranta sai in miƙa miki waya. Daga yau sai kin ci abinci kin huta."

Auta ta yi tunani kaɗan. "Akwai sauran launi a wayar. Shuɗi. In ban iya karantawa ba, sai in sa shi."

"Me yake nufi?"

"Sakatariya ta gaji, sai gobe."

Baba ya yi dariya har da tari.

Da safe ya yaye tsumman da ke kan keken ɗinki. Ya ɗauko kujerar ya gyara, ya mayar. Matar ta zauna a kai, ta tashi, ta sake zama. Sannan ta ce a kwashe sauran. Wata ya ƙare, makullin shago na aljihun Baba.