Mami Ba Ta Ji

Amarya tana kicin tana wanke kofuna sai ga Mami ta shigo tana jan jakar makaranta a ƙasa, idanunta sun yi jawur. Shekararta bakwai, ita kaɗai Allah ya ba su. Ta miƙo wata takarda.

Amarya ta goge hannu ta buɗe. Hedimasta ne ya rubuto: "Mami ba ta ji. Malamarta ta gaji da kiranta. In ba a ga canji ba zuwa Juma'a, a nema mata wata makarantar."

"Me kuma ta yi?" in ji Hajiya, uwar mijinta, daga falo.

Amarya ta karanta mata.

"Ai na faɗa! Rashin ji kam a nono ta sha. Ke kika sangarta min takwara. Ni ma sai na kira ta sau biyar, sai na kai mata ranƙwashi take juyowa!"

Amarya ta durƙusa. "Hajiya, wallahi ba irin wannan rashin jin ba ne. Kunnen ne. Tun zazzaɓin bara. Na kai ta wajen likita, ga takardarsa, ya ce bakin mutum take kallo ta gane magana..."

"Kul! Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Babu kurma a zuriyata!"

Abin da Hajiya ba ta sani ba, sau uku Amarya tana zuwa ofishin Hedimasta a ɓoye. Na farko aka ce yana mitin. Na biyu ya ce, "Madam, yara hamsin ne a ajin, ba za mu tsaya kan ɗaya ba." Na uku da ta fashe da kuka, ya jawo wani fom daga durowa. In uban yarinya ya zo da kansa ya sa hannu, za a dawo da Mami bencin gaba, a riƙa fuskantarta in ana magana, a kuma nemo malama mai koyar da yara masu matsalar kunne ta riƙa zuwa sau biyu a sati. In bai zo ba, babu.

Da la'asar Amarya ta ɗauki fom ɗin ta bi mijinta shago. Gyaran rediyo da sifika yake yi, ta same shi ya kara kunne jikin wata 'yar rediyo yana murɗawa.

"A'a, Amaryata!" Shekara takwas da aure bai daina kiranta haka ba. Yana ganin fom ɗin murmushin ya gudu. "Hajiya ta kira ni, ta ga fom ɗin nan a ɗakinki. Ta ce in na sa hannu na yarda an rubuta wa takwararta kurma, ba ta yafe ba. Ta ce kuma ki tattara ki tafi gidanku."

"Kai me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai yana juya sukundireba.

"Abban Mami, rediyon mutane in ya ɗauke ba dukansa kake yi ba, buɗewa kake ka duba. 'Yarka ce ba ta kai rediyo ba?" Hawaye suka zubo mata. "Ni in tafiya ce zan tafi, wallahi ina sonka amma zan tafi. Ka sa mata hannu kawai, don Allah, don darajar zaman da muka yi!"

Bai sa hannu ba. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Amarya ta rame, ta haɗa kayanta a akwati, in ta ɗaga kai sai addu'a. Ko sau ɗaya ba ta mayar wa Hajiya magana ba.

Ranar Juma'a da safe ta riƙe hannun Mami suka tafi makaranta su biyu. Tana zama a ofis ƙofa ta buɗe — mijinta ne, Hajiya na biye da shi tana haki.

"Na zo in ga mai sa hannun!" in ji Hajiya. "Malam, yarinyar nan lafiyarta lau, tarbiyya ce babu."

Hedimasta ya duba agogo. "To ku daidaita, ina da aiki."

Mami tana tsaye bakin taga, ta ba su baya, tana kallon yara suna wasa. Amarya ta ce a hankali, "Hajiya, ki kira ta. Kada ki taɓa ta, ki kira kawai."

Hajiya ta taɓe baki. "Takwara!"

Shiru.

"Takwara, zo ga alawa!"

Shiru. Hajiya ta matsa daf da bayanta, muryarta ta fara karyewa. "Takwarata... ni ce fa. Juyo mana!"

Mami tana ta yi wa 'yan wasa murmushi. Sai da inuwa ta faɗo kan gilashin ta waiga. Tana ganin kakarta a kanta, ta ɗora hannu biyu ta kare kai.

"Hajiya yi haƙuri! Ban ga kin yi magana ba! Kar ki ranƙwashe ni!"

Hajiya ta zube ƙasa ta rungume ta. "Innalillahi! Shekara guda ina dukan yarinya kan abin da ba laifinta ba!"

Abban Mami ya ɗauki biro. "Hajiya, ki gafarce ni..."

"Sa hannu mana, me kake jira? Malam, ba wajen kaka a fom ɗin?"

Hedimasta ya cire tabarau ya goge ido. Da kansa ya ɗauki jakar Mami ya kai ta bencin gaba, ya ce wa malamar ajin, "Daga yau ki kalle ta in za ki yi magana."

A hanyar gida Abban Mami ya ce ƙasa-ƙasa, "Amaryata, akwatin nan fa?"

"Kai za ka kwance shi," ta ce tana share hawaye tana dariya.

Bayan wata uku Mami ta karanta wa Hajiya shafi guda cur, Hajiya kuwa ta koyi taɓa kafaɗa kafin magana.

'Yan uwa, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kuma kafin a ce yaro ba ya ji, a tsaya a duba — wataƙila manyan ne ba su saurara ba.