Dashen Mangwaro a Toshin Sallah

Ledar Mansura ta fashe ne daidai bakin kasuwar Tambuwal. Tattasai da albasa suka watse a ƙasa, wani ɗan kabu-kabu ya bi ta kan rabinsu ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Ta durƙusa tana tsincewa, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Sannu, 'yammata. Ai leda ba ta da amana."

Ta ɗago kai. Wani saurayi ne dogo, baƙi, ya durƙusa gefenta yana zuba albasar cikin wani kwandon kaba. A bayansa, ƙarƙashin inuwar dogonyaro, ga kwalaben zuma a jere, ga ƙananan itatuwan dashe cikin tsofaffin gwangwanaye.

"Na gode. Amma ban zo da niyyar sayen kwando ba."

"Ni ma ban ce na sayar ba. Ki tafi da shi, ki maido ranar kasuwa mai zuwa."

"In ban maido ba fa? Ni daga Fakku nake."

"Sai in zo Fakku bin sawu," ya ce yana murmushi. "Sunana Siddiƙ."

Ba ta faɗi nata ba. Amma da mako ya zagayo, ita ce ta fara tuna wa Innarta, Hamdiya, cewa zaren ɗinki ya ƙare.

Haka abin ya faro. Siddiƙ ya karanta aikin gona a Sakkwato, ya dawo gida yana kiwon zuma da renon itatuwa a bayan gidansu. Mansura kuwa tela ce, ɗiya ɗaya tilo mace a gidan Malam Na'Allah. Kafin azumi ya ƙare, wayarta ta saba da saƙonsa na bayan la'asar.

"'Yar Fakku, yau ƙudan zuma sun harbe ni sau uku. Ina jin kishi suke, sun ji na samo wadda ta fi zumarsu."

"Malam Mai Dashe, ka rage zaƙin baki, azumi ake yi."

Akwai wani mai nemanta tun bara, Lauwali, mai babban shagon kayan masarufi a Fakku. Ba shi da mugun suna a gari, sai dai Mansura ba ta taɓa jin zuciyarta ta motsa ba idan ya yi sallama. Ranar da ta gaya wa iyayenta akwai wani daga Tambuwal, Inna ta yi dariya, Baba kuwa ya tambaya, "Ɗan wa kinka ce?"

"Ɗan Alhaji Attahiru Ɗanmaliki."

Baba ya ajiye ludayin fura a hankali. Ya tashi ya fita. Mansura ta ɗauka nauyin baki ne irin na iyaye maza.

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Ranar ce Lauwali ya aiko da toshinsa a bayan mota: katan-katan na lemon kwalba, biskit, alawa, da man shafawa mai sa fari, kowanne cikin leda mai sheƙi. Matan unguwa suka cika gidan suna guɗa.

Da yamma ƙanwar mahaifin Siddiƙ ta iso da nasa. Kwanduna uku ne rufe da faifai. Na farko turmin atamfa da mayafi. Na biyu zuma, dabino, garin zogale, soyayyar gyaɗa, man kaɗanya da sabulun salo. Na uku kuwa dashen mangwaro ne guda biyar, ganyensu shar.

Wata maƙwabciya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yau ga saurayi ya kawo wa budurwa itace."

Aka fashe da dariya. Mansura ba ta damu ba, domin saƙonsa ya riga kayan isowa:

"Zumata, lemo kwana biyu ne ya ƙare, kwalabensa su toshe kwata. Na zaɓo miki abin da zai gyara jiki. Zumar ta Inna ce saboda tarinta. Mangwaron na Baba ne, ya dasa a gona, 'ya'yanmu su sha inuwa."

Ta karanta ya fi sau goma, tana rufe fuska da mayafi.

Bayan magariba Baba ya shigo. Ya biyo ta shagon Lauwali, kuma duk abin da aka gaya masa a can yana nan a fuskarsa. Ya tsaya kan kwandon dashen ya daɗe.

"Ku ɗaure kayan ga. Gobe da safe a maishe su Tambuwal."

"Malam, lafiya?" Inna ta tambaya.

Ya zauna kan turmi. "Mansura, zo ki ji abin da ba ki sani ba. Gonar bakin fadama da muke ci, ba tamu ba ce. Aro ce. Kakan yaron ga, Ɗanmaliki, shi ya ara wa babana Ladan tun ba a haife ni ba. Kuma kowa ya san wanda anka ara wa gona ba ya dasa itace cikinta. Ranar da ya dasa, ya nuna yana son cinye ta, masu ita na da ikon karɓe abinsu gaban kowane alƙali."

Mansura ta dubi kwandon dashen, Baba ya ci gaba.

"Tun ranar da kinka faɗi sunan ubansa ban yi barcin kirki ba. Yau Lauwali ya ce gari duka an gane, tarko ne sunka aiko. In dasa da hannuna, su zo da shaidu. Shekara hamsin da ɗoriya, Mansura. In babu gonar ga, mi za mu ci?"

"Baba, wallahi Siddiƙ ba..."

"Ban tambaye ki ba. Maganarsa ta mutu a gidan ga."

Washegari aka ɗaure kwandunan a bayan babur. Mansura ta leƙa ta jikin zana har suka ɓace, sannan ta ɗauki waya ta rubuta wa Siddiƙ.

"Ashe gonarmu ka biyo, ba ni ba. Allah ya isa tsakanina da kai in haka ne. Kada ka sake kirana."

Ya kira sau bakwai, ba ta ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo.

"Wace gona? Mansura, na rantse da Wanda ya halicce ni ban san maganar da kike yi ba. Ki ba ni lokaci."

Ta kashe wayar ta cusa ƙarƙashin katifa.

Ba ta taɓa yin Sallah mai ɗaci irin wannan ba. Ta yi kwalliya don kada a yi magana, ta taya Inna suyar naman layya, hayaƙi ya zame mata uzurin jan ido. Lauwali ya zo da sabuwar shadda yana ƙamshi, ta fito ta gaishe shi a tsaye.

"Kin ga abin da nake faɗa ko? Mutanen birni sai a hankali," ya ce.

"Ka gani da idonka, ko kuwa zato ka yi?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ba sai an gani ba."

Ta juya ta koma ciki. A ranar ta san cewa ko babu Siddiƙ a duniya, ba za ta auri Lauwali ba. Sai dai sanin hakan bai rage mata komai ba. Baba ya daina cin abincin kirki. Kullum da sassafe sai ya tafi gonar, ya zagaya iyakarta, ya dawo bai ko taɓa fartanya ba, alhali maƙwabta sun gama shuka.

Kwana tara bayan Sallah, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama, aka ce Alhaji Attahiru ne daga Tambuwal, tare da mai unguwa da liman.

Baba ya sa hularsa a karkace. "To, Hamdiya, ga ranar ta zo," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, ya fita.

Inna ta miƙa wa Mansura kwanon ruwa. Ta kai zaure ta durƙusa ta gaida baƙin. Alhaji Attahiru dattijo ne mai furfura, idanunsa sak na Siddiƙ. Da ta fito ba ta iya wucewa ba, ta laɓe a bayan ƙyaure.

"Malam Na'Allah, haƙuri na zo ba ka," Alhaji ya ce. "Ɗana Siddiƙ bai san da zancen gona ba. Ni kaina rabon da in taka ta tun ina saurayi. Ranar da kayan sunka dawo, ya same ni yana hawaye kamar ƙaramin yaro. Sai a lokacin na gane irin tsoron da munka bar ku ciki shekara da shekaru, muna can ba mu ko tuna ba."

Alhaji ya zaro takarda daga aljihu, ya ci gaba.

"Abin da ya sa na daɗe, sai da na bi 'yan'uwana magada ɗaya bayan ɗaya, har wadda ke aure a Jabo. Duk mun sa hannu. Ga takarda, ga mai unguwa, ga liman. Gumin gidanku ne cikin ƙasar can, ba namu ba. Daga yau gona taka ce, kyauta, don Allah."

"Alhaji," Baba ya ce, "ni ba na musayar ɗiyata da gona."

"Awo, shi ya sa na zo ban kawo ko goro ɗaya na neman aure ba. Ko ka ba mu ita, ko ka ba wani, wagga magana ta gona ta ƙare yau."

Sai Mansura ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Babanta ne yake kuka. Ta zame ta zauna a ƙasa, wata doguwar ajiyar zuciya ta ƙwace mata. Da ta waiwaya, ga Inna a bayanta ta ɗaga hannu sama tana ta alhamdulillahi.

Bayan azahar Inna ta aike ta gona da fura. Tun daga nesa ta hango su. Baba ya naɗe wando, ya durƙusa yana danna ƙasa a gindin dashen mangwaron da baƙin suka dawo da shi, da tafukansa biyu, Alhaji na riƙe masa hula. Can gefe Siddiƙ ne da butar ban ruwa, ashe a mota ya zauna duk tsawon zaman zauren, bai yarda ya shiga ba.

Ta ajiye kwanon a inuwa. Ya matso, ya tsaya nesa kaɗan. Ya rame.

"'Yar Fakku."

"Ka yafe mini abin da na rubuta," ta ce kanta a ƙasa. "Na yi maka Allah ya isa a kan zato."

"Kin ce in haka ne. Tun da ba haka ba ne, bai kama ni ba." Ya yi 'yar dariya. "Laifina ne ma. Wa ya aike ni kyauta ban yi tambaya ba?"

"Zumar Inna fa?"

"Tana mota. Har atamfarki. Dabinon ne dai na cinye don baƙin ciki."

Dariya ta kuɓuce mata, ta farko cikin kwana goma sha uku. Baba ya ɗago kai ya dube su, ya dubi Alhaji.

"Alhaji, yanzu da kaina ya dawo jikina, bari in yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Mansura, kina son yaron ga?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya da sauri ta nufi gida har tana tuntuɓe da kunya.

"To, ka ji amsa," Baba ya ce. "Ku turo."

A shekarar Baba ya makara da shuka, amma damina ta yi albarka, gero ya yi kai. Lauwali ya zo da kansa ya ba shi haƙuri, Baba ya ce ya wuce, sai dai a riƙa tauna magana kafin a furta.

Bayan an ɗaure amfanin gona aka ɗaura auren a masallacin Fakku, mutanen Tambuwal suka zo mota-mota. Da la'asar aka kai amarya ɗakin Baba yin sallama. Ta durƙusa gabansa tana kuka, ƙawaye na jira a tsakar gida.

Ya ɗora hannu a kanta. "Na so in raba ki da alheri saboda tsoro, Allah bai nufa ba. Ki riƙe mijinki da gaskiya. In kin ji magana, ki tambaye shi kafin ki yi fushi, kada ki gado ni nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa mutuwa ce za ta raba."

"Amin," Inna ta amsa daga bakin ƙofa tana share ido da gefen zane.

Mota ta kama hanyar Tambuwal, mata na waƙa. Wayar da ke cikin tafin Mansura ta yi ƙara, ta leƙa ta ƙarƙashin lulluɓi.

"Amaryata, kun taso? Tun azahar nake tsaye a ƙofar gida, abokaina sai dariya suke yi mini."

Ta share hawaye da bayan hannu, ta rubuta masa: "Ka shiga ka zauna, angona. Ga ni nan tafe."