Laifin Ba na Allon Dogo Ba Ne

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, yana durƙushe a ƙarƙashin teburin ɗakin gwaji yana laluben soket.

"Malam, ƙafarka ta tare hanya," ta ce.

Ya ɗago da sauri, kansa ya bugi tebur. "Ki yi haƙuri, ga kai ya karɓi hukuncin ƙafa."

Dariyar da ta ƙwace mata ita ce mafarin komai.

Kamfaninsu na ƙera na'urar ɗaukar hoton cikin masu juna biyu. Dogo ke haɗa allon lantarkin, ita kuma take rubuta direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta fahimci na'urar. Ba a daɗe ba ya raɗa mata Tauraruwa, saƙonni suka fara kai da kawo.

"Tauraruwa, Inna ta ce ta gaji da jin muryarki a waya, so take ta gan ki ido da ido."

"Ka ce mata da mun gama wannan aikin zan zo. Kai kuma ka ci abinci, Dogona."

Sai aiki ya rikice. Hoto ya fara fitowa rabi sabo, rabi guntun hoton da aka ɗauka a baya. Shugaban sashensu, wanda ya daɗe yana yi wa Auta tayin rage hanya tana kaucewa, ya ce allon Dogo ne. A taro manaja ya dube ta.

"Direbarki lafiya?"

"Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe."

"Allon fa?"

Dogo na kallonta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban sani ba."

A satin aka sallame shi. Da labari ya kai kunnen Baba, mahaifin Auta, ya ce, "Auta, yaron da sakacinsa ya kusa sa likita ya yi wa mai ciki bayanin ƙarya? Kada ya sake tako min gida."

Saƙo ɗaya Dogo ya turo: "Korar ba ta dame ni ba. 'Ban sani ba' ɗinki ce ta tsaya min a rai."

Ta karanta har ta haddace, kunya ta hana ta amsawa.

Aka kawo sabon allo, matsalar tana nan. Auta ta bi direbar layi-layi. Na'urar kan zuba hoto kai tsaye cikin memori, babbar ma'ajiyar kwamfuta, ba tare da ta bi ta furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba. Shi kuma furosesa yana da 'yar ma'ajiyarsa ta kusa, kash, inda yake riƙe kwafi don sauri. In ba a ce masa ya zubar da tsohon kwafin ba, shi zai karanto. Tun farko ta rubuta wannan umarnin da hannunta, amma yanzu babu shi. Tarihin gyare-gyare ya nuna shugaban sashe ne ya cire, wai don hoto ya ƙara sauri.

Ta mayar da layin, hoto ya fito tas. Ta nuna wa manaja, ta ɗauki jakarta sai gidan su Dogo.

Takalman mutane ta tarar a ƙofa. Ashe Inna, mahaifiyar Dogo, ta rasu da safiyar ranar.

Dogo ya fito, idanunsa jawur. Auta ta matsa kusa da shi.

"Allonka lafiyarsa ƙalau," ta ce cikin kuka. "Na makara, Dogo. Na makara da komai."

Ya matsa daga bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Ko jiya sai da ta tambaye ki. Na ce mata aiki ne ya riƙe ki. Shigo, ki yi mata addu'a."

Kamfani ya nemi ya dawo, ya ce ya gode, ya riga ya kama aiki a wani wurin. Baba kuwa da ƙafarsa ya je ta'aziyya, ya riƙe hannun Dogo ya ce, "Ɗana, na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. Ka yafe min."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure, ba wani taro mai yawa. Ƙanwar Inna ce ta karɓi amarya. Ta ɗago haɓar Auta, ta ƙare mata kallo.

"Ashe haka kike," ta ce. "To na gan ki a madadin yayata. Share hawayen, 'yata, gidanki kika zo. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya jiƙan wadda ba ta ga yau ba."

"Amin," in ji Dogo, ya kama hannun matarsa suka shiga ciki.