Saiwar Dashen Tasalla

"Ni fa ban kashe shi ba, Kaka. Dubawa kawai nake yi."

"Me kike dubawa, uwargida?"

"Saiwa mana."

A wani gari ne, can da daɗewa. Tsohon ya samo dashen wani icen kurmi mai ganye mai sheƙi, wanda in ka murza sai ƙamshi. Ya dasa a inuwar katangar lambu, ya ce na jikarsa Tasalla ne, ta riƙa ba shi ruwa, ta ƙyale shi ya kama ƙasa.

Ruwa kam ta ba shi. Ƙyalewar ce ta gagara. Kullum da safe sai ta ga bai ƙaru ba, sai ta tuge, ta duba saiwar, ta mayar. Gobe ma ta tuge, ta duba, ta mayar. Har ganyen ya zube, saura ɗaya.

Kaka ya ce, "In kika bar shi zuwa damina, wataƙila ya rayu."

"Damina kuma? Bari in duba sau ɗaya, in ga ko yana da niyya."

"Ai naki ne."

Ta tsuguna, ta kama shi da yatsu biyu. Ta daɗe a haka, hannunta na ƙaiƙayi. Sai ta saki, ta miƙe.

"Ice sai shegen yanga," in ji ta. "Kada ka bar ni in shigo, Kaka, ko da na yi kuka."

Ta buga ƙyauren lambun da ƙarfi, ta yi tafiyarta.