Ƙanƙara a Bayan Gidan Tarmo

Tun ƙarfe uku na rana duhun hunturu ya rufe garin Kuusamo na ƙasar Finland. Ƙanƙara ta daskare a fankar na'urar ɗumama gida da ke waje, ga mahaifiyar Tarmo a ɗaki tana tari. Gogan naka, wanda ko ƙusa bai iya bugawa ba, ya fito da guduma.

"Haba maƙwabci, ai sai ka fasa bututun," in ji wani dattijo daga bayan shinge. "Ruwan ɗumi ake zubawa."

"To shigo ka koya mini mana, Baba," in ji Tarmo.

Tarmo ya ɗauko buta tana tururi. Dattijon na matsowa, ruwan ya daskare a cikinta. Tarmo ya dubi bakin dattijon: yana magana, amma ba tururin numfashin da ke fita daga bakin duk mai rai a irin wannan sanyi.

"Tsohuwa na ciki ko?" in ji dattijon, hannunsa a kan ƙofa.