Zazzaɓin da Ya Biyo Efraín Gida

Miyar busasshen dankali na tafasa a kicin ɗin gidan Ticona da ke El Alto, birnin kan dutse mai tsananin sanyi, lokacin da Mama Fermina ta hango auduga manne a damtsen ƙaramin ɗanta Efraín. Ta ajiye ludayi ta cafko hannun.

"Mene ne wannan?"

"Allurar shawara ce, Mama. An ce sai ta kwana goma a jiki kafin mu shiga Brazil, shi ne Nélida ta raka ni..."

Bai ƙarasa ba ludayin ya tashi sama, da miyarsa da komai, ya sauka a kafaɗar matarsa. Nélida ta dafe wurin. Watanta takwas a gidan, kuma tun ranar biki ba ta da suna a bakin surukarta sai 'yar kurmi, saboda 'yar Riberalta ce, can gangare inda zafi da sauro suke. Aikinta na nas ma laifi ne a wurin Mama.

"Kin huda mini ɗa lafiyarsa ƙalau! Da wane hannun zai ɗaga begilar?"

Efraín begila yake busawa a ƙungiyar badujalar yayansa Gualberto, kuma an gayyace su wasan mako biyu a wani garin masu haƙar zinariya cikin kurmin Brazil. Gualberto, wanda ke zaune yana jiran miya, ya zaro katuna masu ruwan ɗorawa daga aljihu ya watsa a kan tebur yana dariya.

"Ga namu nan, mu goma sha uku. Wani a bayan tasha ya buga mana hatimi, ko tsinke bai taɓa kowa ba. Ɗan boda hatimi yake dubawa, malama nas, ba damtse ba."

"Yaya, sauron ba zai duba hatimi ba," in ji Nélida a hankali.

Tas! Marin Gualberto ya kai ta jikin bango. Ta ɗago tana neman idon mijinta, shi kuwa yana kallon takalminsa. Efraín na son matarsa kamar ransa, wannan ba ƙarya ba ne, amma gaban uwarsa da yayansa sai ya koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. Wannan kallon takalmin ya fi marin yi mata ciwo.

Duk da haka ita ta haɗa masa jaka, tana kuka tana ninke gidan sauro. Ta sa man korar sauro, ta damƙa masa ƙwayoyin rigakafin maleriya.

"Ɗaya kullum, masoyi. In ka dawo ma sai ka ƙara mako huɗu kana sha. Ka yi mini alkawari."

Ya yi alkawari, kuma a can ya cika, ko da yake abokan busa sun yi ta tsokanarsa wai amarya mai kwana a labule. Su kam ganyen koka, maganin gargajiyar mutanen dutse, suka tauna suka kwanta a fili, suna cewa jinin mutanen dutse ya fi ƙarfin ƙwaro.

Ranar da suka dawo Nélida na wurin aiki. Mama ta zazzage jakarsa don wanki, ta ci karo da sauran ƙwayoyin.

"Har yanzu tana ɗura maka wannan? A nan? Wane sauron ne zai hau dutsen nan sanyi bai kashe shi a hanya ba?"

Ta watsa su a wuta. Gaskiya ce ta faɗa, mu mutanen El Alto ba mu san sauro ba, har tinƙaho muke da hakan, kuma ta nan wautarmu take shigowa. Ba ma tuna cewa abin da sauro ya zuba a jini yana hawa mota tare da mai jinin. Da Nélida ta tambaye shi da yamma, Efraín ya ce yana sha, kuma ya ci gaba da wannan ƙaryar kwana goma sha ɗaya.

A na goma sha biyu ya tashi haƙoransa na haɗuwa, bargo huɗu bai ishe shi ba. Da ta matsa masa, ya faɗi gaskiya yana hawaye. Ta ɗauko rigarsa za su asibiti, sai ga Mama a bakin ƙofa da boka mai duban ganyen koka. Bokan ya watsa ganyensa a kan zane, ya tambaya ko yaron ya taɓa firgita a can. Gualberto ya ce ƙwarai, kwalekwalensu ya kusa kifewa a kogi.

"To ai shi ke nan," in ji boka. "Kurwarsa ce ta tsaya a bakin ruwan. Kwana uku za mu yi muna kiranta. Kada ya fita ɗaki, kada ƙarfe ya huda shi, kuma kada mai warin kurmi ta kusance shi, kurwar za ta ɗauka har yanzu can take."

"Mama, don girman Allah, maleriya ce!" Nélida ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafar surukarta. "Na ga irinta ta kashe ƙato cikin kwana uku. Ku kira kurwar, ban hana ba, amma ku bari a gwada jininsa!"

Gualberto ya ja ta da gashi har tsakar gida, ya garƙame ɗakin da kwaɗo. Kwana biyu tana zaune a bakin ƙofar tana jin nishin mijinta. Duk sanda ta taɓa kwaɗon sai bulalar Gualberto ta sauka a bayanta. Ƙawarta ta wurin aiki ta ce ta tattara kayanta ta koma gidansu tun ba su kashe ta ba. Nélida ta ce in ta tafi, gawa za a fitar daga ɗakin nan.

A rana ta uku da tsakar rana nishin ya tsaya. Mama da boka suna kan rufi, suna kaɗa rigar Efraín da ƙararrawa suna kiran, "Taho, Efraín, taho gida!" Nélida ta ɗauko dutsen niƙan barkono ta maka wa kwaɗon sau uku har ya balle. Ta same shi idanu sun juye, leɓe ya bushe, bai ma gane ta ba. Ta naɗe shi a babban zanen goyon kaya, ta saɓa shi a baya, ta nufi ƙofar gida tana tangaɗi.

A bakin titi Gualberto ya cim mata.

"Ajiye shi, mayya!"

Ya tokare ta, suka zube ita da mara lafiyan. Ta kifa a kan mijinta, bulala na sauka a bayanta, a wuyanta, a kunnenta. Mama ta sauko ta damƙi gashinta tana ja tana ihu an sace mata ɗa. Gualberto ya shaƙo Nélida zai ɗaga, a nan ta ji tafin hannunsa kamar garwashi, ta ga haɓarsa na rawa. Ya kai mata naushi a baki, haƙori ɗaya ya fita.

Sai Efraín ya fara jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Mama ta saki gashin ta ƙame. Matan da ke sayar da lemo a bakin titi, waɗanda tuni suka taru, suka yi kan Gualberto da duwatsun awo.

"Kai ƙaton banza! Ƙaninka na mutuwa kana dukan mace?"

Su suka tsayar da bas, suka sauke fasinja da ƙarfin tsiya, suka ɗora su.

A asibiti matashin likitan ya fara maganar ciwon haƙarƙari, don shi ma ɗan dutse ne. Nélida ta tofar da jini ta ce, "Likita, mako biyu ya yi a kurmin Brazil, kuma bai ƙarasa maganinsa ba. A gwada maleriya." Aka gwada, aka samu mai tsanani, har ta fara taɓa ƙwaƙwalwa. Ana ɗaura masa ruwa ta juyo wurin Mama, wadda ta biyo su tana rakuɓe a bango.

"Mama, a je a kawo Yaya yanzu, jikinsa wuta ne. A gaya wa gidajen sauran 'yan badujalar ma."

Mama ta kalli bakin da ɗanta ya fasa, ta fita da gudu. Kafin la'asar aka shigo da Gualberto a sume. Cutar ta kama mutum biyar cikin 'yan badujalar. Huɗu suka zo asibiti suka tashi. Na biyar, Hilarión mai ganga, danginsa suka ce sai sun cika kwanakin kiran kurwa, kuma ranar Asabar aka binne shi, ya bar mata da 'ya'ya uku.

Daga maƙabarta Mama Fermina ta wuce asibiti da baƙaƙen kayanta. Efraín ya farfaɗo, Nélida na ba shi kunu a cokali. Tsohuwar da ba ta taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba ta durƙusa a kan siminti.

"Na ga uwar Hilarión tana cusa ƙasa a bakinta. Da yau ni ce, sau biyu. Ki yafe mini, 'yata."

Nélida ta ajiye kofin ta ɗaga ta, suka rungume juna suna kuka. Gualberto daga gadonsa ya rufe fuska da bargo, kafaɗunsa na rawa, sai da ya kwana biyu kafin ya iya haɗa ido da ita ya roƙi gafara. Efraín ya kamo hannun matarsa, ya dubi uwarsa da yayansa.

"Ni na fi kowa laifi, ina gani ana dukanta na yi shiru. Daga yau wanda zai taɓa ta sai ya fara bi ta kaina."

Haƙorin Nélida bai dawo ba, amma ta samu mijinta, ta samu gidan da yau ba a yanke shawara sai an ji ta bakinta. Haƙuri da tsayawa kan gaskiya suka ba ta wannan. Ku kuma masu shirin tafiya ƙasar zafi, ku yi allurarku ta gaske, ku shanye maganinku har ƙwayar ƙarshe, in zazzaɓi ya kama ku bayan dawowa ku gaya wa likita inda kuka je. Ku iyaye, kada ƙin surukarku ya toshe muku kunne daga gaskiyar da ke bakinta, don ɗanku ne a kwance.