Gawayin da Ya Sha Dalma

Ana tsakiyar azumi, rana kamar ta fasa kai, Madam Lai'atu ta faɗo komisariyar 'yan sandan Madarumfa ko sallama babu.

"Sufeto, an tone ramin!"

Sufeto Mansur ya san ta. Ma'aikaciyar gona ce, ita ke ƙona ɓawon gyaɗa a rufaffiyar ganga, ta turara shi har ya zama gawayi mai zuƙe guba. Da shi ake tace ruwan maƙerar Isa, inda ake fasa tsofaffin batura a narka dalmar tarun masunta, don kada dattin ya gangara tafki. In gawayin ya ƙoshi, sai a binne shi.

"An ɗauke buhu guda," in ji ta. "Cike yake da dalma. In ya haɗu da abu mai tsami, sakin gubar zai yi. Yara take fara kamawa: ciwon ciki, sai baƙin layi a dasashi."

Mansur bai tsaya neman hula ba.

A bakin ramin ya durƙusa. Sara ne na kwashe, irin fartanyar nan, mai tsabta, kuma ɓarawon bai yi lalube ba, kai tsaye ya dira kan buhun. Ɗan gida ne ke nan.

Ya fara da Isa maƙeri. "Wa ya san wurin nan?"

"Ni da Madam, sai Gambo mai gadi. Ni kam jiya ina Safo."

"Makwabcinka ya ce ya ji zugar wutarka har la'asar."

Isa ya haɗiye yawu, ga azumi. Daga ƙarshe ya amsa: ruwan batur ya zubar jiya ba tacewa, shi yake ɓoyewa. Laifi ne, amma ba shi Mansur ke bi ba yau.

Gambo kuwa rantsuwa ya shiga yi tun ba a tambaye shi ba. "Wallahi ban ga kowa ba, ranka shi daɗe."

"Nuna mini hannunka."

Tas yake, har ya yi fari don wanki. Sai dai ƙarƙashin farce baƙi ƙirin.

"Na gawayin shayi ne," in ji Gambo.

Kafin Mansur ya amsa, wata mata ta ɓullo da gudu, goye da yarinya wadda ta wuce goyo. Ɗelu ce, matar Gambo.

"Malam, cikin Atika ya sake murɗawa! Ka zo mu tai likita, ga kunun masallaci ban gama ba."

Mansur ya ɗaga leɓen yarinyar. Ga layin nan, siriri kamar an ja da kwalli.

"Wane kunu?"

"Na tsamiya. Yau sadakar gidanmu ce. Kullum ma shi muke sha."

"Ina kike jiƙa tsamiyar?"

"A randa. Tun da Malam ya fara kawo gawayin Madam muna zubawa, ruwanmu garau yake, har makwabta na sha'awa."

Gambo ya zube a ƙasa.

"Tun farkon azumi nake ɗiba kaɗan-kaɗan a wurin tace ruwan batur," in ji shi. "Da aka binne, sai na tono. Ruwan rijiyarmu ja ne. Na ga yadda abin ke mai da ruwan batur fari, na ce mi zai hana ɗiyata ta sha mai kyau? An ce guba ce, na zaci rowa ce."

Rana ta yi ja. Mansur ya sa Lai'atu ta wuce asibitin Maraɗi da uwa da 'ya a motar komisariya, shi kuwa ya ja Gambo da gudu zuwa gidan.

Sun tarar makwabciya ta ƙarasa damun, ta jera ƙore a ƙofa, yaran unguwa sun kewaye da ludaya suna jiran ladan. Mansur ya sa ƙafa ya kifar da ƙoren ɗaya bayan ɗaya. Yara suka sa kuka, shi kuwa sai lokacin numfashinsa ya dawo.

Ya ciro ankwa.

"Ka ba ni izini tukuna," in ji Gambo.

Ya ɗauki taɓarya ya nufi randar. Bugu ɗaya, baƙin ruwa ya malale tsakar gida. Sannan ya miƙo hannuwa.

A hanya ladan ya kira magariba. Mansur ya miƙa masa gorar ruwa. Gambo ya dube ta, ya kasa sha.

"Ranka shi daɗe, za ta tashi?"

Mansur bai saba yi wa mai laifi ƙarya ba. Ya ce, "Sha ruwa, Gambo."